Ruwan Batir Ya Cinye Rigata

Gummi, daren Talata, saura kwana uku Sallah

Yau kwanana tara a shagon cajin batir na Malam Isa.

Shekaranjiya Ɗanbala, babban yaron shago, ya aike ni da batirin mota gidan bidiyo. Na sa rigar Sallar da Inna ta ɗinka min, don zan ratsa kasuwa. Ban san ba a aza batir bisa kai ba, na ɗauke shi awa tulu. Ɗanbala ya ga marfi biyu na batirin a kwance, ruwan na ɗigo min a riga, bai gaya min ba, shina dariya ya ce, "Baƙauye, ka iya dako!"

Yau na wanke rigar, ta fito huji-huji awa rariya. Malam Isa ya ce haka ruwan batir shike, sannu shike cin tufa. To da mi zan tahi Idi?

Ɗanbala ya rataye sabuwar shaddarshi bayan ƙofar shago. Na ɗebi ruwan batir cikin kwalbar magani, tana nan ƙarƙashin tabarmata. Allah ya sani ban taɓa cutar kowa ba. Ɗigo uku kawai zan sa, a gadon bayan shaddar, inda duk sahun Idi za su gani ban da shi.