Na Taɓa Durom Ɗin Sodar Ƙanwata Na Yi Shiru

Daga mai kula da zaure: wata 'yar'uwa ce ta turo wannan ta imel, ta roƙi a sakaya sunanta.

Salama a gare ku 'yan zaure, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, daga kafe na intanet nake buga shi a nan Samaru, na zaɓi kwamfutar can lungu don kada wani ya leƙo.

Ni mace ce mai shekara talatin da takwas, ina zaune a Muchia da mijina da yara uku, sana'ata sabulu. Shekara goma sha huɗu ina yinsa, na wanki da na wanka, ina kaiwa kasuwar Sabon Gari. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira ta Rifkatu ko da yake ba sunanta ba ne. Tana mastas a fannin gine-gine a jami'a. Ni ma fa na gama sakandare, kuma a kimiyya na fi ta, ita kanta ta sani, sai dai lokacin da na gama babu hali a gidanmu, lokacin da ta gama akwai.

Furojet ɗinta shi ne yin bulo da intalok, wato bulon shimfiɗa a ƙasa, ba tare da siminti ba. Suna kiran abin jiyofolima. Toka ce mai laushi kamar fulawa, wadda ake tarawa a bututun hayaƙin masu ƙona kwal, daga kudu ake kawo musu a buhu. Ana kwaɓa ta da yashi da tsakuwa, a zuba ruwan soda da silikit, a sa a gidan bulo, a gasa kwana ɗaya, sai ta yi tauri kamar dutse. Wai yin siminti na fitar da hayaƙi mai ɓata iskar duniya, wannan kuwa shara ce ake mayarwa gini. To soda da silikit ɗin nan, jama'a, su ne dai nake haɗa sabulu da su kullum.

Wata uku tana fama abin ya ƙi. Kwaɓin sai ya daskare mata a kwano tun kafin ta zuba a gidan bulo, ta rame, ta zo gidana tana kuka. Da na tambaye ta yadda take yi, ashe tana narka soda ta zuba nan take da zafinta. Dariya ta kama ni, na ce mata ko 'yar koyon sabulu ta sati ɗaya ta san soda sai ta kwana ta huce. Ni na nuna mata sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa kan soda ba, kuma a roba ake yi, ba a tukunyar dalma ba. Daga ranar, a bayan gidana take haɗawa cikin durom ɗina, washegari ta ɗura a jarka ta hau mota zuwa Samaru. Ni nake sayo mata sodar wurin mutumin da na amince da shi. Bulo ya fara kyau, har injin da ke matse shi don gwada ƙarfi ya nuna ya kai na siminti.

Daga nan zuciyata ta fara canzawa. Ranar da suka yi baje koli a lab ɗinsu na ci ado na je, na tarar sufabaizanta, malamin da ke duba aikinta, yana ta yabon hikimarta gaban baƙi, da ta gabatar da ni sai ta ce yayata ce, ita ke sayo mana soda. Mutumin ko kallo na biyu bai yi mini ba. A coci fasto ya tsayar da ita yana yabonta, 'yan zumuntar mata suna guɗa, ni ina cikinsu ina tafi haƙorana a cije. Mijina ya karɓo ragowar intalok ɗinta ya shimfiɗa a ƙofar ɗaki, duk baƙon da ya zo sai ya sa shi ya taka, yana cewa aikin ƙanwar madam ne, babu siminti ko cokali ɗaya. 'Yata ta fari, da sabuluna ya raine ta, ta ce ita in ta girma Anti take so ta zama. Kishi nake yi, ba zan ɓoye muku ba, kishin da har abinci ba ya mini daɗi.

Watan jiya muka yi faɗa. Na ce ta manta wanda ya fitar da ita daga rami, ta ce ai maganar barin soda ta huce tana cikin takardun Turawa, daga baya ta gani. Na ce to me ya hana Turawan su cece ta wata ukun da take kuka a ɗakina. Mama ta shiga tsakani, ta ce ni ce babba in yi haƙuri, kamar yadda ta saba faɗa tun muna yara. Mun shirya a baki, amma Rifkatu ta daina aike na, ta ce za ta riƙa sayo sodarta da kanta don kada ta ɗora mini nauyi.

Ga inda matsalar take. Sati mai zuwa ranar Asabar za ta yi difens, wato ta kare aikinta a gaban malamai, malami zai zo daga wata jami'a, kuma ya ce a buga sabon bulo a matse a gabansa ya gani da idonsa. In ta ci, an riga an yi mata alkawarin aikin koyarwa. In bulon ya ruguje, za a yi shakkar duk sakamakonta na baya, ta maimaita shekara, aikin ya tafi ga wani. Ranar Litinin ta zo da buhun soda daga wani shago mai kwalliya, buhun har da tambari. Na san shagon, na taɓa saye a can sabuluna gaba ɗaya ya ƙi kamawa, don suna barin buhu a buɗe ya sha iska, wasu ma sun ce da gishiri a ciki. Ta auna a sikeli daidai, ta zuba, ta juya, wayarta ta yi ƙara ta fita amsawa. Na kai hannu jikin durom. Soda mai kyau in ta shiga ruwa ba ka iya barin tafinka a jikin roba, wannan kuwa ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Ita sikeli ta yarda da shi, ba ta taɓa koyon taɓa durom ba, don ni nake taɓa mata.

Ta dawo ta ce Yaya lafiya dai ko, na ce lafiya lau. Har jarka na taya ta ɗurawa washegari.

An buga bulon ranar Talata, a ido yana da kyau, amma na san cikinsa ba ƙarfi. Sai ya kwana bakwai bayan an buga shi ake matsewa, wato in na yi magana zuwa gobe Juma'a akwai sauran lokacin haɗa sabuwar soda a sake bugawa, in gobe ta wuce shi ke nan. Kuma in na faɗa, tambayar farko da za ta yi mini ita ce yaushe na sani. Rifkatu ba wawiya ba ce, za ta tuna ina tsaye a wurin.

Ɗazu da safe ta biyo gidana da kundin furojet ɗin nata a leda, ta ce tana so ni in fara gani kafin Mama. Ta buɗe shafin farko ta miƙo mini. Sunana ne a ciki, ni kaɗai, ta rubuta cewa ga yayata wadda ta koya mini abin da ba a koya mini a aji ba. Ta rungume ni tana ba ni haƙurin maganar Turawa. Na ɗauka da na ga haka zan huce, in kama hannunta in faɗa mata komai. Wallahi ban huce ba. Ina kallon sunana a ciki, idona na komawa kan nata da ke bango da manyan haruffa. Na ce mata ya yi kyau, na raka ta bakin titi, ta hau mota tana ɗago mini hannu.

Wannan ne ya tsorata ni, don ashe ba godiyarta nake nema ba. 'Yan'uwa, na san faɗa mata ne daidai, ba sai an yi mini wa'azi ba. Abin da nake tambaya, in ce mata yau na gano, in tsira da mutuncina a idonta, ko in gaya mata gaskiya cewa kwana huɗu ina jiran in ga bulonta ya farfashe a gaban mutane? Zan dawo kafe gobe ƙarfe takwas in duba amsoshinku kafin in wuce lab ɗinsu.