Kuɗin Maganinka

Zuwa ga Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina rubuto maka daga rumfar askina a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, tunda likitocin asibitin Ɗa'if inda kake kwance sun hana a shiga wurin masu tarin fuka.

Ka tuna lokacin da muke bi gida-gida muna fanso yaran da aka kawo da sunan aikin hajji aka sayar? Kai a gaba da tsohuwar lemarka, mu a baya kamar 'yan rakiyar amarya. Da hukuma ta haramta bauta kowa ya koma sana'arsa. Kai kaɗai ka ci gaba da neman iyayen yaran, har ciwo ya kwantar da kai.

Na tara abokan gwagwarmayarmu bayan sallar Juma'a a unguwar Misfala, na cire hulata na zagaya da ita don tara kuɗin maganinka. Ka san mu dai: maɗinka, 'yan ga-ruwa, masu ɗaukar tsofaffi wajen ɗawafi. Inna Kande mai ƙosai ta kwance bakin zaninta ta juye duk abin da ke ciki. Haka hular ta dawo sakayau, da ƙyar ta biya kuɗin mota.

Washegari mutumin nan na unguwar Shisha ya zo aski, wanda muka karɓo tagwayen Katsina daga gidansa. Ya tsufa, yanzu carbi yake ja. Da na gama ya ajiye ƙunshin kuɗi a kan tabarma, ya ce a kai wa Malam, wato kai. Ban manta ranar da ka ce ko Zamzam ne a hannunsa gara ƙishi ya kashe ka ba. Amma na ɗauka, Yaya. Har godiya na yi masa.

Allurar da ake yi maka da gadon da kake kwance, duk da kuɗinsa ne, kuma ban san ɗan wa aka sayar aka same su ba. Na ce wa 'yan uwa wani alhaji ne ya taimaka. Har yau kunya ta hana ni haɗa ido da Inna Kande.

Na kasa zuba ido in ga ka tafi, shi ke nan hujjata.

Allah ya tashi kafaɗunka, ya yafe mini. Ka dawo ka zage ni a bainar jama'a, ka daina amsa gaisuwata in ka ga dama. Amma don girman Allah, kar ka daina shan maganin.

Ƙaninka,
Garba wanzami