Ku Fitar Da Ni Ta Babbar Ƙofa

Ni Edelmira Turizo, matar marigayi Abelardo kafinta, ta layin bakin kogi a garin Mompox, nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi sai na lallashe shi yake zuwa, amma kaina garau yake. Jiya na jero wa likita sunayen jikokina goma sha ɗaya ban yi tuntuɓe ba, don haka kada wani ya ce tsufa ne ke magana.

Casilda, ke ce auta, kuma ke kaɗai ce yayyenki Nicanor da Baldomero suke amsa wa gaisuwa su duka biyun. Ranar da na cika, kafin a wanke ni, ki karanta musu wannan takarda. In sun ƙi shiga ɗaki ɗaya, ki tsaya bakin rijiya inda bangon da ya raba gidan ya ƙare, ki ɗaga murya. Kin gaji muryata, har maƙwabta za su ji, su ji ɗin.

Na ɗaya. Kujerata mai lilo da 'yan kunnen zinariyar da na yi aure da su naki ne, Casilda. Tukunyar tagullar da nake dafa alewar lemun tsami a ba Zoraida matar Baldomero. Shekara goma sha tara ba ta zauna a ɗakina ba, amma tun da na kwanta kullum sai ta miƙo romon kifi ta kan bango, ba ta taɓa cewa uffan ba. Kaji kuwa ku cinye su a kwana taran addu'ar da za a yi mini, dama ba su da wani amfani sai tona mini shuka.

Na biyu. Babbar ƙofar gidan nan ba ta sayarwa ba ce. Mutumin Bogota mai farar hula da ya zo bara yana shafa ta kamar ya ga budurwa zai dawo da zarar ya ji na mutu, yana so ya kafa ta a otal ɗinsa baƙi su riƙa ɗaukar hoto a jikinta. Ku ba shi kofi ya kama hanya. Kada a yi mata fenti. Mai ake shafa mata sau biyu a shekara, kafin damina da bayan damina, a bi ƙusoshin tagullar nan ɗaya bayan ɗaya, ƙadangaren tagullar da ake ƙwanƙwasa ƙofar da shi kuma a goge shi da lemun tsami da toka. Ubanku ya ce kakan kakansa ya tarar da ita a tsufe. Ƙyauren dama, mai 'yar ƙofar da muke shiga kullum, leɓensa ya hau kan na hagu, saboda haka na hagu ba ya buɗuwa sai an fara buɗe na dama. Kun san wannan, a kanku ya ƙare.

Na uku, kuma saboda shi na tashi zaune na ɗauki alƙalami. Ku fitar da ni ta babbar ƙofa, ƙyauren biyu a wangale.

A garin nan sau uku ake buɗe ta gaba ɗaya: in amarya za ta shigo, in jerin gwanon makon Ista zai wuce, da in gawar mai gida za ta fita. Ta nan na shigo ina shekara goma sha tara, wani ƙusa ya kama mini mayafi, uwar mijina ta ce, "Gidan ya riƙe ki ke nan, yarinya." Ta nan ubanku ya fita a kafaɗunku. Ba a taɓa fitar da kowa na gidan nan ta wata hanya ba.

Yanzu bango ya tsaga zauren biyu, daga jikin ƙofa har rijiya. Makon jiya na sa aka riƙe ni na je na auna lungun da ya rage ta ɓangaren Nicanor, inda nake kwance: taƙi uku da rabi. Akwatin gawa taƙi huɗu ne, ban da mazan da za su ɗauke shi. Nicanor, na ji ka ranar Lahadi kana gaya wa matarka a kan baranda, kana tsammanin barci nake. Ka ce, "Ai Mama ta rame, in na matse akwatin muka karkata shi zai wuce." Ita kuma ta ce, "Ko a ɗaga ta ta kan bango a fitar da ita ta wajen Baldomero, can ya fi faɗi." Na kwanta ina jin ana shawara a kaina kamar tsohon kabad da ya ƙi shiga ɗaki. Ban yi kuka don mutuwa ba tun da likita ya gaya mini, amma ranar na yi kuka har matashina ya jiƙe.

Ba a karkace zan fita ba. Ba kuma zan fita ta wajen Baldomero ba, domin abin da yake kira ƙofarsa taga ce. Ku rushe bangon nan. Ni na sa aka gina shi, ni nake roƙonku ku rushe shi. Ina roƙonku da nonon da kuka sha. Babbar gudumar da magini ya bari tana bayan ɗakin girki, aikin yini ɗaya ne in kun kama ku biyu, zafin garin nan kuma ba zai ba ku yini biyu da gawa ba.

Na huɗu. Ragar ƙarfen tagar hagu a mayar da ita inda aka ciro ta. Baldomero, da na raba muku zauren na ce kowa ya ɗauki ƙyaure ɗaya, ina jin na yi adalci irin na Sulemanu. Ban tuna leɓen nan ba. Kai naka ba ya buɗuwa sai ka roƙi yayanka, ka ce gara ka mutu. Ka tsiro da guduma ka ɓalle ragar da maƙerin kakanku ya naɗa da furanninta, ka sassare dakalin taga, ka kafa ƙyauren kwano. Shekara goma sha tara kana shiga gidan ubanka ta inda ɓarawo da kwarto suke shiga. Duk layin nan tagogi a jere suke da ragarsu da 'yar rumfarsu, namu gidan kaɗai yake kamar bakin da aka fasa wa haƙori. Ragar tana jingine a tsakar gidanka, Zoraida tana shanya kifi a kai. Tsatsa bai ci ta ba tukuna, na leƙa.

Na biyar. Nicanor, akwai maganar da za ka janye, a gaban ƙanwarka da matanku.

Casilda tana Barranquilla shekarar babbar ambaliya, ba ta ga komai ba, don haka zan faɗa yadda ya faru. Kogi ya shigo gari ya kai mana cinya. Kai ka haye tsallake da kwalekwale tun kwana biyu kafin nan don ka kwaso shanun surukinka. Ƙofa ta sha ruwa ta kumbura, babban ƙyaure da 'yar ƙofar duka suka cije. Tagogi duk ƙarfe, bangon baya kamu goma da fasassun kwalabe a kansa. Gidan da aka gina don kada kowa ya shigo, sai ga shi mu ma ba mu iya fita. Da safen nan zazzaɓi ya kama Yolima, 'yar Baldomero mai shekara huɗu, har tana sanƙarewa. Baldomero ya sari ƙofar da adda, addar ta dinga tsalle. Sai bayan la'asar wani mai kwalekwale ya samo zarto ya zuro masa ta raga. Ya yanke ƙasan ƙyauren hagu, ya ɓalle katako biyu, ya fita da yarinyar a kafaɗa.

Washegari ka dawo. Ba ka shigo ba ma, ka tsaya cikin ruwa kana kallon ɓarnar. Baldomero ya dawo daga asibiti ɗaukar mata kaya, ka shaƙe shi a gaban mutane. Ya ce, "Yaya, yarinyar ce ba ta da lafiya." Ka ce, "Yara ana haifar wasu. Wannan itacen a ina za ka samo shi?" Bayan kwana biyu Yolima ta rasu.

Na san ba ka san halin da take ciki ba lokacin da ka faɗa. Na san kai ka yi mata akwati, ka zauna kana goge shi kana kuka, ka ba maƙwabci ya kai a ce shi ya yi, don ka san daga hannunka ba za a karɓa ba. Baldomero, yau ka ji wannan. Amma magana zarar bunu ce, kuma kai Nicanor taurin kan ubanka ka ɗauko ba ka ɗauko sauƙin bakinsa ba. Ka ɗinke ƙyauren da kyau har ba a gane wurin yankan, ƙaninka kuwa ko sau ɗaya ba ka ce masa "na yi kuskure" ba. Ka faɗa masa. Kalma uku ce, ba za ta kashe ka ba.

Na shida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Casilda, in muryarki ta ƙi, ki sha ruwa ki ci gaba, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Baldomero, da safen nan kafin ka ɗauki adda wurina ka fara zuwa. Akwatin kayan aikin ubanku yana ɗakina, mai maɗaurin ƙarfe, da zarto uku a ciki. Ka ce, "Mama, ba ni makullin akwatin Baba." Na ce, "Yana wurin Nicanor, ya tafi da shi." Ka ce, "Ya tafi tsallake da makullin zarto? Me zai yanka a can?" Na ce ban sani ba. Da ka ɗago akwatin za ka fasa, na ce maka kada ka wahalar da kanka, zartunan ma ya kwashe. Ka yarda, domin ban taɓa yi maka ƙarya ba.

Makullin yana rataye a wuyana cikin riga. Zartunan suna cikin akwatin.

Ubanku bai cika shekara da rasuwa ba a lokacin, kuma abin da ya fi nanata mini shi ne kada ƙarfe ya taɓa ƙofar nan. Na ce a raina zazzaɓin yara ne, na gani sau ɗari. Na ce ruwa zai ja da rana, katako ya saki. Na dafa mata ganye, na shafa mata ruwan sanyi, na yi ta addu'a, makullin yana manne da fatata. Da azahar, da idanunta suka juye, na kai hannu wuyana. Sai na tuna in na fito da shi yanzu za ka san na yi ƙarya tun safe, na sauke hannun. Awa bakwai, ɗana. Likitan da ya duba ta ya ce da an kawo ta da safe, sai bai ƙarasa ba. Zoraida ce ta gaya mini haka, tana kuka a kafaɗata.

Ka riƙe yayanka da abu biyu: maganar da ya faɗa, da makullin da ya tafi da shi. Ta farkon tasa ce. Na biyun bai ma san da shi ba, domin ba ku sake magana ba balle ka tambaye shi. Da na ga kun fara zare wa juna ido da wuƙa a ɗamara, na kira magini, mutanen layi suka yi ta yabona wai na hana zubar da jini. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji ku zauna wuri ɗaya ku yi maganar ranar nan, makulli ya fito. Kaina na gina wa bangon.

Na gaya wa Fada, limamin cocinmu, shekara goma da suka wuce. Ya ce Allah ya yafe, amma in je in gaya maka. Na canza coci. Sau nawa na zo bakin rijiya da niyyar kiran sunanka, in ji ka kana yi wa jikokinka wasa, in koma. Yanzu ma ga shi sai da na tabbata ba zan ga fuskarka ba sannan na faɗa. Matsoraciya ce ta haife ku, ku sani.

Na bakwai. Akwatin kayan aikin na Baldomero ne. Ban buɗe shi ba tun ranar. Makullin yana cikin ambulan ɗin nan.

Na roƙe ku a sama ku fitar da ni ta babbar ƙofa, kuma har yanzu ina so, ina so kamar raina zai fita kafin lokacinsa. Amma ba ni da bakin da zan ba da umarni a kan haka. Hukuncin naka ne, Baldomero, kai da Zoraida. Nicanor, kada ka sa baki, kada ka ɗaga guduma sai ya ɗaga. In ya ce ta taga, ku fitar da ni ta taga, layi duka su gani, kada kowa ya ga laifinsa. Abu ɗaya kawai ban yarda in tafi kabari in bar ku da shi ba: in kun dawo daga maƙabarta, bangon nan ya faɗi. Ba ku kuka gina shi ba, ba ku da dalilin gadinsa.

Allah ya yi muku albarka, ku da matanku da 'ya'yanku. Allah ya tsare ku daga ruwa da wuta da irin shirun da na yi. Casilda, ki riƙa zuwa kowace Ista ko da ba ki da lafiya, ki zaunar da su tebur ɗaya, in sun yi faɗa ki bar su su yi, faɗan ya fi mini wannan zaman. Nicanor, ka riƙe ƙaninka. Baldomero, ban ce ka yafe mini ba. In za ka iya, ka sa a binne ni nesa da Yolima ko kusa da ita, yadda ka ga ya dace. Yayanka dai bai tafi da makullin ba.

Mahaifiyarku,
Edelmira Turizo