Na Zana Fuskar Da Aka Hana Ni

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu karatu. Ina roƙonka don girman Allah ka sakaya sunana, ku kuma jama'a kada ku yi saurin tsine mini, don na riga ku.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a lekol ɗin Magarya. Ana tsakiyar yaƙin Jamus matar likitan bariki, wadda muke ce wa Madam, ta fara tara mu kowace Lahadi a barandarta tana koya mana zane da fenti. Wallahi abin ya shiga raina fiye da abinci. Ni da ban taɓa riƙe komai ba sai alli, sai ga ni ina dama shuni da jar ƙasa, ina fitar da raƙumi har mutum ya ce zai yi tafiya. In Madam ta yaba mini, ranar ko tuwo ba na nema.

Da aka yi hutu na tafi ƙauyenmu wajen Yekuwa gun Goggo, ƙanwar babana, wadda ta goye ni bayan rasuwar innata. Ɗanta Ilu abokin wasana ne, kwano ɗaya muka ci. Shekarar an kira sunansa a ɗaukar soja, sai dangi suka haɗa baki aka ce zazzaɓi ya kashe shi. Har sadaka aka yi, aka raba gumba, mai gari ya kai wa kumandan labari. Shi kuwa yana can daji da shanu, lafiyarsa lau. Duk ƙauyen an sani, ba wanda ya yi tari.

Na same shi a sabuwar rijiyar da aka haƙa bayan sadakar tasa, yana kora wani sa da ke jan guga. Na zauna na fara zane. Ya ce, "Kai bawana, me kake ƙyasƙyasawa?" Na ce, "Gawa nake zanawa, ubangijinka ne ni." Ya yi dariya har ya saki igiya, sannan ya haɗe fuska ya ce, "Zana san, zana rijiyar, amma kada ka sa fuskata. Ka ji?" Na ce na ji, na rantse masa.

Da na komo na nuna wa Madam, ta ce sa ya yi, rijiya ta yi, amma me ya sa mutumin ba fuska, ko tsoron fuska nake? 'Yan ajin suka tuntsire da dariya. Jama'a, me zai hana in ce ban iya ba? Me zai ragu a jikina? Amma son a yaba ya rufe mini ido. Na koma ɗaki na zauna na fitar da Ilu sak, da tsagarsa ta gado, da wushiryarsa, da kunnen hagun da saniya ta yaga masa muna yara. Na ce a raina ai Bature bai san baƙin mutum daga wani ba. Na manta ba Turawa kaɗai ke shiga gidan ba.

Madam ta rataye shi a baranda. Wani gardi, wato dogarin kumandan, da ya kawo saƙo, wanda ya sha zuwa yankinmu, ya tsaya ya ƙura masa ido. Ya juyo ya tambaye ni, "Mushe, wannan ba sabuwar rijiya ba ce?" Na ce ita ce. Bakina ne ya faɗa, wallahi, kafin hankalina ya iso. Kasuwa ba ta zagayo ba aka tafi da Ilu ɗaure a bayan doki. Kafin kaka labari ya zo daga Damagaram cewa ciwon ciki ya kashe shi a barikin soja. Aka sake raba gumba, wannan karon ba wanda ya iya ci.

Dangi sun ɗora laifin kan wani maƙwabci da suka taɓa rigimar gona da shi. Ba mai gaishe shi, ba mai zuwa sunan gidansa, bawan Allah yana ta rantsuwa ba mai saurare. Ni kuwa ina zaune cikinsu ana ba ni fura. Burushin na jefa a masai, Lahadi ta zame mini ranar baƙin ciki, kunya da nadama sun hana ni sakat.

Satin jiya Goggo ta zo Magarya a ƙasa, da tsufanta. Matar da saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, ta kama hannuna ta ce, "An ce Allah ya ba ka hannu, kana fitar da mutum a takarda. Kamanninsa sun fara ɓace mini. Ka fitar mini da Ilu, ko sau ɗaya in gan shi."

Na ce to. Tana nan gidana, ta ce ba ta komawa sai da shi. In na faɗa mata gaskiya, na raba ta da ni, ɗan da ya rage mata. In na yi shiru na zana, na ci amanarta ita ma, maƙwabcin nan kuma ya mutu da laifina a wuyansa. Don Allah jama'a, me zan yi?