Laburaren Yaya Nu'uman

Daura, Laraba

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya Kano, ya Anti Fadila? Inna na gaishe ku.

Manhajar rigakafin shanu da na haɗa wa ƙungiyar makiyaya lafiya lau take aiki, har sai da na jona mata laburaren da ka aiko, wato ƙunshin umarnin kwamfuta naka mai zana taswira. Yanzu da na taɓa ta sai allo ya yi fari, ta rufe kanta, ko sallama babu. In na cire shi ta tashi, in na mayar ta mutu. Lahadi zan nuna ta a Mai'adua gaban shugabanninsu, kuma in babu taswirar rugage wani za su ba aikin.

Ba zan ɓoye maka ba, raina bai kwanta ba. Kai ne ka ce ba zan iya tsayawa da ƙafata ba, in dawo shagonka. Yaya, me ka sa a ciki?

Ƙanwarka,
Barakatu

Kano, Alhamis

Barakatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, a gaida Inna.

Me na sa a ciki? Guba, mana. Ke dai ba ki girma ba. Wayoyi tara na gwada shi a kai, har da wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, duk ya tashi. Ki turo min rahoton kuskuren da kuma aikin gaba ɗaya in duba. Likita ba ya ba da magani daga bakin ƙofa.

Allah ya shirye ki.
Nu'uman

Daura, Alhamis

Yaya,

Barka da yamma. Ga rahoton nan. Aikin kam ba zan turo ba, ka yi haƙuri.

Na gode.
Barakatu

Kano, Juma'a

Barakatu,

Salamu alaikum. Rahoton ma ya isa, kuma yanzu na gane dalilin da ya sa kika hana ni ganin sauran.

Laburare biyu ne a manhajarki, kowane aiki a cikinsu sunansa ɗaya da na ɗan'uwansa. Tana tashi sai ta kira na sabo, na tsoho ya amsa, ta faɗi. Tsohon ma nawa ne. Kin sauya wa jakarsa suna, amma na san aikin hannuna. Ban taɓa ba kowa shi ba.

Shekara uku ke nan da na ga alamar an kwafe shi daga kwamfutata. Ban yi tunanin satin da na yi jinyar Inna a Daura ba, lokacin da kwamfutar ke ɗakinki. Saminu na kama, abokin da muka buɗe shago tare. Ya rantse, na ƙi yarda, na kira shi ɓarawo a gaban maƙwabta. Ya tattara ya koma garin Babban Mutum, ko bikinsa ban je ba.

Ki goge tsohon, ki share abin da na'ura ta ajiye, ki sake ginawa daga farko. Za ta tashi. Ban san wanda na fi jin haushi ba, ke ko ni. Gobe zan kama hanyar gidan Saminu.

Wassalam.
Nu'uman

Daura, Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Ta tashi, taswira ta fito.

Ni na ɗauka. Na ji kunyar roƙonka, daga baya na ji abin da ya sami Saminu, na yi shiru. Ka biyo ta Daura ka ɗauke ni. Kai ka tsaya a mota, ni zan fara yin sallama.

Barakatu