Yaya, Ruwa Bai San Canjaras Ba

Zuwa ga Yayana Malam Bawa, a tsohon garinmu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan sabon gari lafiya, in ka ɗauke Inna, wadda kwana uku ke nan ba ta ci abin kirki ba saboda kai.

Masunta sun ce ruwan dam ya cinye fadamar shinkafarmu, ya kai gindin tsamiyar masallaci. Kowa ya tashi daga tsibirinmu, saura kai kaɗai. Na kuwa san inda ka samo wannan taurin kan.

Gasar darar Turawa ce da ka shiga bara a sansanin masu awon dam a Yelwa. Sau nawa ka jera mini wasan a tabarma? Baturen da kuka kara da shi ya tura sojan gaban sarkinsa gida biyu, kai ka tura naka gida ɗaya tak. Daga nan ka jera sojoji kamar danga, ka zauna bayansu. Tun azahar yake neman ƙofa har la'asar sakaliya, ya gaji ya miƙo hannu, aka tashi canjaras. Kana dariya ka ce mini, “Wanda bai motsa ba, ba a cinsa.”

Ni ma na nazarci wasan nan, Yaya. Sau biyu dokinsa yana da hanya, bai gani ba. Kuma shi mutum ne, yana jin yunwa. Ruwa ba ya gajiya, ba shi da hannun da zai miƙo maka.

Ka ce kabarin Baba kake gadi. Baban da ya kwashe mu daga bakin gaɓa shekarar ambaliya, yana faɗa da masu nawa?

Kullum da safe ina sauka bakin ruwa in ga abin da ya kawo. Jinka, akurki, jiya akuya a kumbure. In na hango baƙin abu yana yawo, ba na ɗauke ido daga kansa har sai ya matso na gane shi.

Ɗanjuma mai kwalekwalen da ya kawo maka takardar nan zai jira ka. In ya dawo shi kaɗai, Inna ta ce gobe a kai ta ta zauna tare da kai. Ta riga ta ɗaure kayanta, kuma ka san ba zan iya hana ta ba.

Allah ya sassauta zuciyarka, ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Ƙanwarka,
Hajara