Mai-mura da Ƙugiyoyin Babanki

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikana mai kukan safe. Yaya aiki, yaya bayan nan da kika ce yana miki ciwo? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Tun da idon babanki ya tafi kunnensa ya ninka, ko a ɗakin girki na yi raɗa sai ya ji, maganar kuwa tasa ce.

Manhajar da kika sa masa a kwamfuta kafin ki koma, mai karanta rubutu da murya, Allah ya yi miki albarka a kanta. Ya raɗa mata suna Mai-mura, don ta hanci take magana. Kin san littafinsa na kalmomin masu sana'a, wanda ya fara tun kina rarrafe, yana bin maƙera da masaƙa yana tambayarsu sunan kowane ƙarfe da zare. Ya riga ya cire rai da shi, ya ɗauka littafin ya tafi tare da idon. Ranar da Mai-mura ta karanto masa shafin farko, korata ya yi daga ɗakin. Na tsaya a bayan ƙofa ina jin yatsunsa a kan madannai, ban san lokacin da na fara hawaye ba.

To, ashe da sauran rina a kaba. Mai-mura tana haɗiye duk baƙin da ke da ƙugiya. Idan ta zo kan ƙasa sai ta ce asa, ɗaki ya koma aki, ɓera ya koma era. Maƙeri kuwa, wanda babi guda nasa ne, ban ma san yadda zan rubuta miki abin da take kiransa ba. Ga wani mutum wannan ƙaramin abu ne. Amma babanki ne, wanda ya ƙare rayuwarsa a gaban allo yana gaya wa yara cewa tsakanin baki da baƙi akwai mutunci. Ya ce ba zai iya gyara littafi da kunne ba alhali ana yanke wa kalmomin kai.

Na ce bari ni in riƙa karanta masa. Mun gwada, mun yi faɗa. Wai ina gudu, wai ba na tsayawa a waƙafi, wai muryata ta saba da kiran marasa lafiya a layin asibiti. Amma na gane gaskiyar abin. Kunya yake ji ya sa ni maimaita layi ɗaya sau da yawa, ko ya ji tukunya tana ƙauri saboda shi. Mai-mura ba ta gajiya, kuma ba sai ya gode mata ba.

Don haka na shiga shafin ƙorafin da kika nuna mini. Na tuna abin da kika ce, manhajar ta kyauta ce, 'yan sa-kai ke gina ta, cikinta a buɗe yake ga duk mai iya gyarawa. Na tattaro Turancina na tsohuwar ma'aikaciyar jinya, na gaishe su, na tambayi iyalinsu da aikinsu, na gode musu, sannan na faɗi damuwata: baƙaƙe uku ne kacal, su taimaka su koya mata. Mutanen da suka yi wannan aikin alheri ba za su gagara wannan ba.

Ki shafa mini kan jikana. Babanki yana gaishe ku, ko da yake bai san ina rubutu ba.

Ni ce mai kewarki,
Mamanki

Autata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ji haƙorin yaron ya fito, Allah ya raya. Ki daina ɗaukarsa a gefe ɗaya, shi ke ƙara miki ciwon bayan.

Kin gama yi mini dariya? Na ji ki sarai a waya kina danne ta. Bari in ba ki labarin daga farko, ki ga ba laifina ba ne. Tun da na kai kukana, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Wata ya fita, wani ya shiga. Rannan sai ga amsa, cikin ladabi, wai an ga maganar ta kwanta, idan ba a motsa ta ba za a rufe ta, kuma an gode da gudummawata. Na ce kai, ga yaro mai tarbiyya. Na zauna na amsa masa, na sa masa albarka, na tambayi iyayensa, na ce in shi ƙarami ne a wurin kada ya ji tsoro, ya kai maganar gaban manyansa. Da aka kwana biyu ya sake rubuto mini kalmomin nan dai, ko waƙafi bai canja ba. Na ce wa kaina kunya ce, bai saba magana da manya ba. Sai da kika leƙa shafin kika gaya mini na'ura ce, an ɗora ta tana share ƙorafin da ya tsufa. Na gaya wa babanki duka. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce in tambayi yaron ko yana da aure. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan na manta, don haka na yafe wa na'urar.

Waɗanda ban yafe wa ba su ne masu ita. Sun fitar da sabon zubi na manhajar, na sauke da zumuɗi, har na kira babanki ya zo ya ji. Ashe abin da suka ƙara shi ne sunayen 'yan fuskokin nan da kuke turawa a saƙo. Yanzu Mai-mura ta iya cewa fuska mai dariya da hawaye, ta iya cewa biri ya rufe ido, amma maƙeri yana nan ba kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sun ga maganata, Auta. Wani cikinsu ya manna mata lamba wai abu ne mai kyau in an samu dama, ya wuce ko sannu bai ce ba. Na yi shekaru a bakin gadon marasa lafiya, na san ba kowa ake iya warkarwa ba, amma ko wanda ba ka da maganinsa kana tsayawa ka dube shi.

Wata baiwar Allah da ita ma take jira a shafin ta ba ni haske. Ta ce su ba sa karanta roƙo, yatsu suke ƙirgawa. Akwai hoton babban yatsa a ƙasan kowane ƙorafi, wanda ya fi tara yatsu shi ake fara dubawa. Namu yana da biyu, nawa da naki. Na ce in dai mutane ake so, babanki bai koyar a banza ba. Na ɗauko wayarsa na bi tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, na ce su shiga su danna yatsa. Babu wanda ya ce mini a'a.

Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da maganin ɗigon idon.

Taki har kullum,
Mamanki

'Yata,

Ina fata kuna lafiya. Yau gaisuwar gajera ce, ki yi haƙuri, zuciyata ba daɗi.

Ɗaliban sun shiga, amma ba yatsa suka danna ba. Wa zai ji malaminsa ya makance ya danna yatsa ya wuce? Gaisuwa suka yi ta rubutawa. Wannan ya ce Allah ya ba Malam lafiya, wancan ya tuna ranar da ya hana shi tashi saboda ɗ guda ɗaya, wata ta rubuta addu'a mai tsawo, wasu suka gamu da abokan da suka rabu tun suna yara suka hau tambayar juna iyali. Na karanta wa babanki duka, yana kiran sunan kowa da wurin zamansa a aji. Ni ina ganin mun ci nasara. Ashe duk layin da aka rubuta sai ya faɗa akwatin saƙon masu manhajar. Washegari na tarar an ɓoye gaisuwar duka, an rubuta a kai wai ba ta shafi batun ba, an kuma kulle shafin. Garin neman gira, ba zan ƙarasa wannan karin maganar a gidan nan ba.

Wanda ya kulle mutum ne, wannan karon na tabbatar. Ya bar layi uku. Ya ce su kaɗan ne, bayan sun tashi daga aikinsu na neman abinci suke wannan, wanda ya haɗa muryar harshenmu ya daɗe da barinsu, kuma babu mai jin harshen a cikinsu. Ya ce ƙofa a buɗe take, duk mai so ya gyara ya aiko musu. Na karanta na sake karantawa. Ban ce ƙarya ya yi ba. Ba su ci ladan kuturu ba balle a ce dole su yi masa aski, kuma da ba don su ba da babanki bai ji ko layi ɗaya ba. Amma da ya faɗi haka tun ranar farko, da ban ɓata watanni ina gaida na'ura ba. Kuma ina amfanin buɗaɗɗiyar ƙofa ga tsohuwa da makaho, in matakalar sai mai sana'ar ke iya hawa?

Dabarar da kika bayar ta sa ɗan ɗigon sama a bayan baƙin, irin ta zamanin tafireta, mun gwada. Mai-mura tana tsayawa ta kira sunan alamar da Turanci a tsakiyar kowace kalma, ko shafi ɗaya bai iya jurewa ba. Yaron maigidanki na wurin aiki da ya leƙa cikin manhajar ma ya ce ba fanninsa ba ne.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, babanki ya rufe kwamfutar. Da hannunsa ya laluba ya lulluɓe ta da mayafin tebur. Yanzu yini yake a kujerar bakin taga da rediyo a cinya, ko tashar ba ya canjawa. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ina jin tsoro, Auta. Na ga irin wannan zaman a asibiti, na san inda yake kai mutum.

Ki kira shi, amma kada ki ambaci littafin.

Mamanki

Autata, sanyin idona,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ji daɗin hoton yaron, na kwatanta wa kakansa shi tun daga goshi har yatsun ƙafa, ya ce kunnen nasa ne.

Shekaranjiya bayan karin safe babanki ya ce in yaye mayafin. Ya zaunar da ni a gaban kwamfutar, ya tsaya a bayana ya dafa kujera. Ya ce in ajiye littafin na asali a gefe, in yi kwafi, in cire duk ƙugiyar da ke ciki, kowace ƙ ta koma k, haka ɗ da ɓ. Na juyo na dube shi. Na ce shi da bakinsa? Ya ce da a yanke wa kalma kai gara a cire mata hula, shi ya san fuskar kowacce.

Dannawa uku na yi, aikin shekarunsa ya fito tsirara. Mai-mura ta fara karatu, ta ce kura ta tashi a makera. Babanki ya ce to maƙeran sai su gudu. Ya ja kujera, ya ce in ba shi wuri. Har rana ta take yana ciki, ina jinsa yana mayar da ita baya, yana gogewa, yana yi mata faɗa. Abinci ya huce bai sani ba. Ni kuwa ina ɗakin girki ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da ya fito na tambaye shi abin da ke cina. Na ce cirewa ta yi sauƙi, amma babu na'urar da za ta san wace kura ce dabba, wace ce ta hanya. Wa zai mayar da ƙugiyoyin kafin a kai wa mai bugawa? Na ɗauka ni zai ce. Ya laluba ya kama hannuna, ya ce:

"Ke kin yi naki, idonki ma ya gaji. Auta za ta mayar."

Don haka ga babin maƙera nan na turo miki tare da wannan takarda, saura za su biyo yadda yake gamawa. Na san ga aiki ga goyo, ba ya gaggawa. Shafin ƙorafin yana nan a kulle, na daina leƙawa. In wata rana wani ya koya wa Mai-mura baƙaƙen nan, Allah ya saka masa, in ba a samu ba mun gode da abin da suka ba mu.

Na tuna masa cewa duk ƙugiyar da kika mayar Mai-mura haɗiyewa za ta yi, ba shi da hanyar sanin ko kin tsallake wata. Sai ya ce in rubuta miki haka, kada in ƙara kada in rage:

"Wannan ne aikin farko da zan sa hannu a kai ban duba ba. Ki gaya mata hankalina a kwance yake."

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Ni ce,
Mamanki